Ba Ni Na Gaji da Uwani Ba

Maiyama, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yayana Mas'ud,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Ikko. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka zuwa gidan suna a makon jiya. Ƙanenmu Surajo ya gama dashen albasa a Aliero, yana ta fama da ban ruwa.

Yaya, na ɗauki biro ne domin na kira ka a waya har na gaji. Ka tuna lokacin da Allah ya yi wa matarka, mahaifiyar Uwani, rasuwa, kai da kanka ka ɗauko yarinyar nan ko yaye ba a yi mata ba, ka ɗora mini ita a cinya a gaban Inna, ka ce ɗiyata ce har ta gama firamare. Ban roƙe ka ba. Ni da Allah bai ba haihuwa ba, na karɓe ta da hannu biyu.

Da ta fara wayo, ka ce kana so ta san baƙaƙen Turanci tun a gida, kada yaran birni su fi ta. Ka san karatuna na yaƙi da jahilci ne, a, ba, ca, da kawai na sani. Ashe a Turanci kowane baƙi da sunansa daban. Na cire kunya na je wurin Malama Martha da ke koyarwa a unguwarmu, na zauna kan benci kamar 'yar aji ɗaya. Abin da ta koya mini da rana, shi nake rubuta wa Uwani da gawayi a bangon madafi da yamma. Uwani ce ta ce O bakin tulu ne, S kuwa macijin da Surajo ya kashe a rumbu. Inda muka sha wuya shi ne P da Q da V da X, don babu su a rubutun Hausa. Malama ta ce in za a faɗi P a rufe leɓe a sake, kamar mai tofar da ƙwallon magarya. Mun tofa har muna dariyar juna, amma bakin Uwani bai daina cewa fi ba.

A nan muke ka kira ka ce ta karanto maka. Ta taho tiryan-tiryan tun daga A, da ta kai P ta ce fi. Da kunnena na ji dariyar mutanen rumfarka, har da taka. Yarinya ta saki waya ta ɓuya a bayana. Ba a jima ba ka ce matarka Hidaya ta zo ganin gida a Jega, in bar Uwani ta bi ta Ikko yawon Sallah, bayan hutu a dawo da ita. Na yi mata kitso da lalle, na sa mata 'yan kaya kaɗan a leda, na kai ta tashar Jega da kaina.

An koma makaranta, shiru. Sai Ismail direba da ke kai muku albasa ya zo ya ce ya gan ta da kayan makarantar kuɗi. Wannan ban ji zafinsa sosai ba. Amma ya ce ta ja shi gefe ta tambaye shi ko gaskiya ne Gwaggo ta gaji da ita don ta kasa harafin P, wai haka Baba ya gaya mata da ta dame shi da kukan gida. Ta ce ya gaya mini yanzu ta iya, in yi haƙuri in zo in ɗauke ta.

Yaya, tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Ɗiyarka ce, ba na ja da kai a kanta, ko da yake alkawari kaya ne. Da ka fito fili ka ce za ka ɗauke ta, da na yi kukana na haɗa mata kayanta duka. Amma ka raba ni da ita da dabara, sannan ka ɗora mini laifin a zuciyarta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa ban kai ƙararka wurin Inna ba, ita har yau tana zaton hutu ne ya yi tsawo. Abu ɗaya nake roƙo: ka zaunar da Uwani ka gaya mata gaskiya, sannan ka ba ta waya ta ji daga bakina.

Ka gaishe da Hidaya, na san ba ta da hannu a ciki. Inna da Surajo suna gaishe ku, Malama Martha ma tana tambayar lafiyar yarinyar. Uwani kuwa ba zan ba ka saƙon gaisuwarta ba, sai na gaishe ta da kaina.

Ni ce ƙanwarka,
Mardiyya.