Filas Uku a Aljihuna

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Ina Baba da su Yaya? Ni lafiya lau. Aikin wanki a otal ba wuya, tsayuwar ce dai.

Inna, kaina ya ɗaure. Kwamfutar da Kawu ya ba ni ta tsufa, da ƙyar take buɗewa, ga jarrabawar jinya saura kwana tara, kuma a kanta zan rubuta. Aka ce in sauya manhajar da ke tafiyar da ita, in sa wata ta kyauta, wai Linux. Ashe ba guda ba ce, iri-iri ce kamar atamfa a kasuwa.

Mai guga ta kawo mini tata a filas, ta ce ko jariri zai iya. Direba ya kawo tasa, ya rantse ta mai guga wasan yara ce. Mai gadi ya miƙo ta uku, wai don tsofaffin kwamfutoci aka yi ta. Na tambayi bambancin, suka kaure da gardama har shayina ya huce, ban tsinci komai ba.

Su ukun nan kaɗai ke tambayar lafiyata a nan. Kullum kowa sai ya ce, “Kin sa?” In ce, “Sai gobe.”

Ke kika hana mu mayar da hannun kyauta baya. To Inna, idan hannuwan uku ne, kwamfutar ɗaya fa? Ki amsa da wuri, ki haɗa da addu'a.

'Yarki,
Auta