Ɗalibata ta tambayi Baba dalili, yanzu ya daina amsa gaisuwata

Barkanmu da warhaka 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na gaji da tunani ni kaɗai.

Ni malama ce, ina koyar da kiɗa da waƙa a wata sakandare mai zaman kanta a GRA, kullum daga Miri nake hawo acaɓa. Wanda ya koya min aikin nan yayan mahaifina ne, tsohon soja, ya daɗe yana busa bigila a barikin Shadawanka, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, Baba nake ce masa. A wurinsa koyarwa ita ce ya yi ka kwaikwaya, in ka kuskure ka sha tsawa.

Ni ma da haka na fara, sai na lura yaran haddacewa kawai suke yi, da na juya baya komai ya watse. Sai na canza, in muna gwaji suka kauce sai in tsayar da su in ce, wa ya ji inda muka ɓata? Me ya sa masu ganga suka riga masu waƙa? Da farko kallona kawai suke yi, na sha wahala kafin bakinsu ya buɗe. Har wata yarinya Hajara, wadda ko gaisuwa da kyar ake jin muryarta, ta ɗaga hannu ta ce numfashinsu ne ke ƙarewa kafin ƙarshen baiti, kuma gaskiyarta ne.

To bikin yaye ɗalibai ya matso sai taifot ta kwantar da ni, na roƙi Baba ya riƙe min su. Ana cikin gwaji ya ce masu ganga su rage ƙarfi, Hajara ta ɗaga hannu ta ce, “Baba, me ya sa?” Yadda na sabar musu ke nan. Ya ajiye sandarsa ya fita, ya je ya gaya wa shugabar makaranta na lalata 'ya'yan mutane, wai shi ko ƙaramin soja bai taɓa tambayarsa dalili ba. Ita kuma dama tana ƙorafin surutu ya fi kiɗa yawa a ajina.

Yanzu shugaba ta ce in daina tambayoyin nan, kuma dole Hajara ta durƙusa ta ba Baba haƙuri a gaban 'yan uwanta ɗalibai, ko a cire ta daga bikin. Na je gidansa na ba shi haƙuri da kaina, ya ce ba ni na yi masa laifi ba, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Yarinyar ta koma shirunta, sauran ma sun daina ɗaga hannu.

Ban gama warwarewa ba, ga wannan. In na ƙi, na ɓata wa mutumin da ya rene ni, aikina ma ban san makomarsa ba. In na yarda, da wane baki zan ce wa yarinyar nan ta yi laifi, alhali ni na ce mata ta riƙa tambaya? Ya zan yi?