Tabarmar 'Yan Ƙetare

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Ruwa ya sake cinye shinkafar Kaoje bana. Ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Maganar jam'iyyarka ce, da tabarmarka.

Ka tuna lokacin da kuka kafa reshenta a Tsamiya? Cewa kuke yi mutanen bakin iyaka uwa ɗaya uba ɗaya ne, Bature ne ya ja layi a tsakiyar gonakinmu. Duk taro, da hannunka kake shimfiɗa tabarma a gaba don 'yan uwanmu na ƙetare, ko da yake ba su da ƙuri'a. Kawu Sabi, yayan Inna, tun daga Segbana, can ƙetaren iyaka, yake tuƙo keke ya zo ya zauna a kanta.

Bayan rasuwarka aka fara cewa manoman ƙaramar hukumarmu ta Bagudo ne a gaba, saura su biyo baya. Muka ce ba laifi. Da aka ci zaɓe, magana ta koma tsaro da fasa-ƙwauri. Yanzu, Baba, baƙi ake kiran 'yan ƙetare a lasifika. Tuta ba ta canza ba, hotonka ma yana nan a bango.

Ga abin da ke ci na. Ni ne sakataren mazaɓa yanzu. A taron watan jiya Kawu ya zo, da sanda, ya tsufa sosai. Shugaban jam'iyya ya ƙyafta mini ido. Ni na je na ce masa ya tashi, na naɗe tabarmar a gaban jama'a. Takalminsa kawai ya shiga lalube. Tsoro na ji, kada a ce mini ɗan baƙuwa a karɓe kujerar. Wallahi kunya nake ji. Da kana nan me za ka ce mini? Ko da kai ma sun tashe ka?

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tunda ita ma baƙuwa ce, za ta koma wajen yayanta. Na roƙe ta har na gaji, na haɗa ta da liman, a banza. Ta ɗaure kayanta. Abu ɗaya ta nema a wurina, tabarmar nan.

Gobe da safe zan kai ta iyaka a babur ɗin da jam'iyya ta ba ni.

Allah ya jiƙanka, Baba. Ka yafe mini, in ana yafewa daga can.

Ɗanka da ya naɗe tabarmar,
Umaru