Ƙofar Fasinja ta Motar Yaya Mamman

Zuwa ga yayana, Malam Mamman,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in shaida maka cewa motar ta dawo gida. Na san waɗanda suka saba kallon hotunan aikinmu a wannan shafi za su karanta. Su karanta, amma da kai nake.

Inna tana nan Bunguɗu, tana taɓa abinci kaɗan-kaɗan. Ni ma ina ci, ina zuwa ofis, ina amsa gaisuwa. Mutane sai yaba haƙurina suke yi, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Tun da ka tafi na zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓa ni ba na ji.

Ka tuna ranar da muka je Tsafe ganin ta? Tsohuwar akori-kura a gindin tsamiya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaza ta yi ƙwai a kan kujerar direba. Malam Isa ne ya kai mu, abokinka mai sayar da hatsi, wanda ciwon son tsofaffin motoci ya kama ku tare. Ni dai tarin tsatsa na gani. Kai kuwa ka zagaya ta kana shafa bodin, ka ce, “Wagga ba ta mutu ba, kwana takai.” Kafin a jawo ta zuwa Gusau har ka raɗa mata suna Hajiya.

Daga nan Asabar ta daina zama tamu. Kai da ka gama koyar da lissafi ka yi ritaya, maimakon ka shimfiɗa tabarma ka huta kamar sa’o’inka, sai ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota. Ni aikina miƙo sifana da shan faɗa. Maƙwabta suka sa mana ’yan gwangwan, ka ce ai suna ne mai kyau. Ranar da injin ya fara tashi, hayaƙi ya turnuƙe layin, awaki suka watse, kai kana tsaye da baƙin mai har a gemu kana dariya. Ina iya ganin fuskar har yanzu, sautin dariyar ne ya ƙi zuwa mini.

Kullum kuna musu da Malam Isa. Shi in ya gyara mota sai ta yi ƙyalli, har mutum ya duba haƙoransa a jikinta. Kai kuwa inji da birki da giya kake bi, sauran ka bar su yadda ka same su. In ya matsa maka da maganar fenti sai ka ce, “Ciwo muka gyarawa, Isa, ba mu gyaran shekaru.”

Da haka motar ta ɗauki kamanninka. Bakin tagar direba ya goge har ƙarfe ya fito, daidai inda kake ɗora gwiwar hannu. Kujera ta lotsa a wajen zamanka. Ga ɗan guntun katakon nan da ka cusa a bayanta ya turo ka gaba, tunda Allah bai ba ka tsawon ƙafar da za ta kai totur ba, ko da yake kai cewa kake motar ce aka ƙera ba daidai ba.

Sai kuma ƙofar fasinja, wadda ba ta buɗuwa ta waje. Duk inda za mu, kai ka shiga ka zauna, ni in tsaya a rana ina jira. Da gangan kake ɓata lokaci, ka gyara madubi, ka gyara hula, sannan ka miƙo hannu ka buɗe mini ta ciki. Kullum kuma maganar ɗaya ce: “Shigo, Dogo. Kai da gwamna kaɗai aka buɗe ma ƙohwa garin ga.” Na yi mita har na gaji. Ka ce hannun ƙofa irin nata ya ƙare a duniya, amma za ka duba Asabar mai zuwa.

Ciwon bai ba mu lokaci ba. A bayan Hajiya muka ɗauko ka daga asibiti zuwa Bunguɗu, ni nake tuƙi, gwiwoyina suna bugun sitiyari saboda katakonka. Ban cire shi ba. Da muka dawo daga maƙabarta na kasa kallon motar, sai na miƙa wa Malam Isa makulli na ce ya ajiye ta a wurinsa. Iyakar abin da na ce ke nan.

Bayan sadakar arba’in ya kawo ta. Yaya, ban gane ta ba sai da ya fito daga ciki. Sabon fenti kore shar, sabuwar kujera mai warin roba, ko’ina sumul. Ya bar rumfarsa a kasuwa makonni yana fama da ita. Ya miƙo mini makulli, hawaye na bin gemunsa, ya ce, “Na ida mashi aikinai.”

Na yi masa godiya, na sa masa albarka. Me zan ce? Wasu sun kawo gero, wasu dabino, shi kuma da abin da ya iya ya yi ta’aziyya. A ganinsa aiki ka bari rabi, ya ƙarasa maka don kada ka tafi da shi a wuya. Ban yi fushi da shi ba. Fushi ma yana buƙatar ƙarfi.

Da ya tafi na shiga nemanka a cikinta. Na shafa bakin taga, santsi kawai. Na zauna a kujerar direba, ba lotsawa, ba katako, ƙafafuna suka miƙe daidai a karo na farko, kuma ban so hakan ba. Ƙanshin turarenka da na goro duk fenti ya cinye. Abu ɗaya ya rage ban gwada ba, ƙofar fasinja.

Na daɗe ina kewaye ta. Ban tambayi Malam Isa ba, ban kuma bar kowa ya je ɓangaren ba. Ina gaya wa kaina ai hannun ƙofar ba ya samuwa, kai da bakinka ka faɗa. Muddin tana nan a yadda ka bar ta, to akwai sauran wuri guda a duniya da sai da hannunka.

Asabar da ta wuce na shirya zuwa gaida Inna. Na fito riƙe da ledar lemo, hankalina na wani wuri, sai ƙafafuna suka kai ni wurin da suka saba. Na tsaya a gefen fasinja ina jira. Ban san iya tsawon tsayuwar ba, sai da na lura da fuskata a gilashi, da kujerar direba da ba kowa a kanta. Na ce tunda na zo, bari in gama. Na kama hannun ƙofar na danna.

Ta buɗe, Yaya. Ko ƙara ba ta yi ba, har giris ya sa mata.

Na shiga na zauna a wurina, leda a cinya. Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Sai na kira Malam Isa a waya na tambaye shi inda ya samo hannun ƙofa. Ya yi mamaki, ya ce bai sayi komai ba, wata ’yar waya ce ta zame a ciki, kafin shayinsa ya huce ya mayar da ita.

’Yar waya. Kai da ka kwance injin nan kaf ka mayar, ba yadda za a yi ka ce ba ka gan ta ba. Ashe ka sani. Shekarun nan duka ina tsaye a rana ina yi maka mita, kai kana can ciki kana gyara hula, kana jin daɗin cewa ƙanenka ba ya shiga sai ka buɗe masa.

Na yi tunanin in kwance murfin ƙofar in sake zame wayar, na ma ɗauko sukudireba. Sai na tuna ko na zame ta, babu mai miƙo hannu ta ciki. Na mayar da shi cikin akwati, na zagaya na tayar da mota na tafi Bunguɗu.

Allah ya jiƙanka, Yaya Mamman, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya saka wa Malam Isa da alheri a kan niyyarsa. Allah ya sa inda ka je ba a bar ka tsaye kana jira ba. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, in iske ka riga ka zauna a ciki, ka gyara hularka iya son ranka, zan jira.

Ƙanenka,
Dogo
Gusau