Shirun Injin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Auta ya kawo jar motar nan tasa ta tsere garejina. Tun daga kwana na ji ta: ƙas-ƙas-ƙas a can ƙasan inji, kamar ana buga cokali a kofi. Ƙanina ne, ciki ɗaya, amma kunnensa na ado ne. Wai ran Asabar za su yi tsere a tsohon titin bayan gari, shi da abokan nan nasa marasa aikin yi.

Talata, 4 ga Maris
Na juye baƙin man a faranti, na murza da yatsu. Ƙyalli a ciki, garin ƙarfe. Injin yana cin kansa ne.
Na ce a sauke shi a buɗe. Ya ce, "Haba Yaya, zuba min mai kauri kawai, ƙarar za ta ɗauke."
Za ta ɗauke mana! Na faɗa masa irin wannan injin mai ruwa-ruwa yake sha, hanyoyinsa sirara ne, mai kauri ba ya kaiwa sama da wuri. Zai toshe bakin ciwon ne kawai, ciwon yana nan. Idan inji ya cije ana tsakar gudu, tayoyin baya tsayawa suke cak.
Dariya ya yi, wai na tsufa, wai na saba da akwala.

Laraba, 5 ga Maris
Mun yi cacar baki da Auta. Har masu faci na maƙwabta sun leƙo. Na ce ba da hannuna ba, ya kwashi motarsa ya bar min gareji. Na wanke hannuna, ko a jikina.

Alhamis, 6 ga Maris
Ya kai wa Mai Hula, makaniken bakin kasuwa, wanda ko kunu ka ce ya ɗura a inji zai ɗura. Da yamma ya biyo ta gabana a hankali, da gangan, ya sauke gilas.
"Yaya, ka ji wani abu?"
Ban ji ba. Shiru, sumul. Tun da nake aikin nan ban taɓa jin tsoron inji ba sai yau.

Juma'a, 7 ga Maris
Na je gaida Umma. Tana ta murna, wai motar Auta ta warke, Allah ya yi min albarka. Ta ɗauka ni na gyara. Na ce amin, na kasa haɗa ido da ita.
Galan ɗin man da ya dace yana kan kantar gareji tun Talata, ko buɗe shi ban yi ba. Sai kallonsa nake.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ya wuce da hantsi, ko ƙaho bai yi ba.
Na ce wa maman yara zan je neman filta. Ta bi akori-kurata da ido, ta ce, "Filta da igiyar jan mota?" Na ce ta shiga gida.
Ba bin sa zan yi ba. Hanyar ce ɗaya.
Igiya dai aikina ce, tukunyar kashe gobara ma kullum tana mota. Bargon nan ne da na ninke a kujerar baya, shi ne ban san lokacin da na ɗauko shi ba.