Na Kira Sunan Ɗan Farina Bayan Shekara Talatin da Tara

Assalamu alaikum Malama Shafa'atu. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin watan Sha'aban ya kama, domin kwanaki kaɗan suka rage, ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Ba kuka na zo yi miki ba. Alhamdulillahi gidanmu lafiya lau yanzu, har dariya ake yi. Sai dai wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Shekaruna hamsin da takwas, ina wani ƙauye a ƙasar Anka, ina koya wa matan aure karatu da la'asar. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan. Maganar a kan ɗana na fari ce. Bari in ara masa suna in ce Nuraddeen. Ba sunansa ba ne, shi ya sa hannuna ya rubuta da sauƙi.

Kin san kunyar ɗan fari a wurinmu. Da aka yaye shi, yayata Laraba ta ɗauke shi, a bayanta ya girma. Yanzu ita ma takaba ta dawo da ita gidana, muna zaune tare muna faɗan tsofaffi. Shekara talatin da tara ban taɓa kiran sunan yaron nan ba. A bakina shi "ɗan Yaya" ne. In ina so ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce a gaya wa wasu tuwo yana hucewa. Shi ma ya san karatun, sai ya amsa wa bangon ya ce wasu sun ƙoshi. Haka muke, kuma wallahi ina son sa fiye da yadda baki zai faɗa.

A shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗaukar mana yara, Nuraddeen yana cikin masu kawo dutsen zinari gida a buhu, mata su daka a tsakar gida. Ba shi kaɗai ba, rabin gari sun kawo, ba wanda ya san akwai guba a ciki. 'Yarsa Muhsina, mai shekara biyu, tana cikin waɗanda suka tafi. Daga baya an zo an kankare ƙasar gidajenmu an zuba sabuwa, shi kuma ya bar harkar zinari ya koma noman gero da wake. Muka ce ya haƙura. Abu ɗaya na sani, wani ɗan awarwaronta na roba bai taɓa barin aljihunsa ba. Matarsa Zinatu ta ce ko wanki za ta yi sai ya cire shi ya mayar a wata rigar.

Bara aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yan matan da aka haifa shekara ɗaya da Muhsina. Ya je, ya zauna, bai ci komai ba. Daga nan ya canza. Ya daina zuwa majalisar abokansa, abinci sai an yi da gaske, Zinatu ta ce barci ya ƙaurace masa. Muka ce zazzaɓi ne, Yaya ta jiƙa masa sassaƙe. Ni kuwa ina kallo ta gefen ido, kunya ta ɗaure mini baki.

Da Sha'aban ya kama sai kwatsam ya ware. Ya yi aski, ya yaɓe mini rumbu, ya ba ƙanensa Mu'awiya shanunsa na huɗa kyauta, ya shiga bin gidaje yana neman gafara. To Malama, wa zai ga laifin wannan? Kowa yana neman gafara kafin azumi. Gari ya ɗauka da yabo. Yaya har da cewa ɗanta ya kusa zama waliyyi. Ni ma na ji daɗi, Allah ya yafe mini.

Wata ranar Talata da hantsi ya shigo ɗakina. Da ma daga bakin ƙofa yake tsayawa ya ce a yafe wa juna, in amsa daga ciki. Ranar sai ya shigo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, ki yahe mani. Ga Zinatu da ɗiya nan, ki riƙa mani su." Na kawar da kai kamar yadda na saba na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya tashi ya fita. Da na juyo sai na ga awarwaron nan a kan tabarmata. Mai shirin azumi ba ya ba da amanar iyalinsa, kuma ba ya rabuwa da abin da ya riƙe shekara goma sha huɗu.

Ko takalmi ban sa ba. Na iske shi zai shiga zaure, na buɗe baki na kira sunansa, na gaskiyar. Muryar ma ta fito a karye kamar ba tawa ba. Yaya tana tankaɗe, rariyar ta suɓuce mata. Ya juyo ya ce, "Mi kic ce, Inna?" Na kama rigarsa na ce, "Hwaɗa mani gaskiya, kashe kanka kaka son yi?" Ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Sai ƙato guda ya zube a ƙasa yana kuka, yana cewa, "Na gaji, Inna. Ni nik kawo dutcin nan gida." Ban yi masa wa'azi ba, ko da yake wa'azin ne sana'ata. Na zauna a ƙasa kusa da shi, ban saki rigar ba har Mu'awiya ya kawo babur. Muka je asibiti, daga can aka tura mu Gusau. Likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani.

Yau kusan shekara. Yana shan magani, yana komawa ganin likita, ya yi ƙiba har rigunansa sun matse shi. Ya karɓo shanunsa daga wurin Mu'awiya, wakensa na bana ya yi kyau. Kullum da safe a ɗakina yake shan kunu. Ya ma raina ni, Malama. In na kira shi sai ya yi kamar kurma don in sake, ya ce, "Inna, ban jiya ba, ƙara hwaɗi." Duk ranar Juma'a nakan tambaye shi ko tunanin nan ya dawo, yakan ba ni amsa ba ɓoye-ɓoye. Sau biyu ya ce ya leƙo ya wuce.

Ga inda nake neman shawara. Yaya ta sa ni gaba. Ta ce gobara ta mutu, in koma kunyata, mata suna zunɗe na a gidan suna wai na zubar da girma. Ta ce yawan tambayar nan mugun fata ne, ni zan tuna masa abin da ya manta. Ta ce kuma zuwa Gusau ɗin ya isa haka, kada a ce ɗanta ya taɓu, ga 'ya'yansa mata suna tasowa. Shi ma ya fara cewa tunda ya warke me zai yi da ƙwaya. Ba na son saɓa wa Yaya, ita ta goya shi. Sannan ga Sha'aban tafe, kowa zai fara neman gafara, shi ma zai zo. Ta yaya zan bambance ta azumi da irin waccan? Shin na yi rashin kunya ne? In koma magana da bango?

Uwar Ɗan Fari, daga ƙasar Anka

Wa alaikumus salam Inna.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi hawaye da na zo kan labarin zaure, na yi dariya a wurin kunu. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe. A'a, ba ki yi rashin kunya ba, kuma kada ki koma magana da bango.

Kada dai mu yi wa Yaya Laraba rashin adalci. Matar da ta goyi yaro ba za ta so shi da sharri ba. Tsoronta na bakin mutane gaskiya ne, mun san yadda magana take bin 'ya'ya mata har gidan aure. Kunyar ɗan fari ma ba ƙiyayya ba ce, iyayenmu sun yi ta ne da nufin kawaici. In kina so ki riƙe ta a gidan suna da gaban baƙi, ki ce "ɗan Yaya" abinki, ba wanda ya yi asara. Amma a cikin ɗakinki, tsakaninki da shi, ƙofar da kika buɗe ranar Talatar nan a bar ta a buɗe. An yi al'ada don ta gyara zaman masu rai ne.

Inda Yaya ta kuskure shi ne batun mugun fata. Masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar mutum kai tsaye ba ta dasa masa tunanin kashe kansa. Sauƙi ma take kawo masa, domin ya samu inda zai sauke kaya. Shaidar tana gidanki, sau biyu ya ce miki tunanin ya leƙo. Da ba ki tambaya, wa zai gaya wa? Ki ci gaba da tambayar Juma'a, cikin natsuwa, ba da fuskar tashin hankali ba. In ya amsa, ki saurara fiye da yadda za ki yi magana. Kin yi daidai da ba ki tsorata shi da wuta ba a ranar. Wanda ya kai wannan hali ya san hukunci, abin da ya ɓace masa shi ne fatan rahama.

Batun magani ba na Yaya ba ne, ba naki ba, ba ma nasa shi kaɗai ba. Jin sauƙi alama ce magani yana aiki. Yanke shi kwatsam yana iya dawo da ciwon da ƙarfinsa. Ya je ya gaya wa likita yana son ragewa, likitan ne zai ce yaushe da kuma yaya. Wannan zuwan ku tafi da Yaya, ta ji da kunnenta cewa ciwo ne kamar hawan jini, ba hauka ba. Ki roƙe ta ta zama ita ce mai tuna masa shan maganin. Wanda aka ba riƙon igiya ba ya korar akuya. Addu'a kuwa a dage da ita, ba ta taɓa faɗa da asibiti ba.

Sai Sha'aban. Kin riga kin san bambancin, ke kika koya mini shi a wasiƙarki. Mai neman gafarar azumi yana maganar gobe, yana tanadin geron kunu, yana lissafin gonar da zai share. Wanda za ki ji wa tsoro shi ne mai rabar da abin da yake ƙauna, mai ba da amanar iyali, mai cewa ya zame muku kaya ko za ku huta, da wanda ya daɗe cikin ƙunci sannan ya ware rana ɗaya ba dalili. Ki kula kuma da lokutan da ke tayar masa da mikin, kamar walima ko bikin sa'o'in Muhsina. Kada ki jira ki yi ta karatun fuska. Tun kafin wata ya tsaya ki zaunar da shi ki ce bara war haka kin tsorata, ku yi yarjejeniya in abin ya dawo zai faɗa, ke kuma za ki tambaya. In ya ce ya dawo da ƙarfi, kada a bar shi shi kaɗai, kada ki yarda da alkawarin rufa asiri, ku nufi asibiti mafi kusa a ranar. Tun yanzu ma magungunan gona da duk wani abu mai haɗari su koma hannun Mu'awiya a kulle, shi ma Nuraddeen ya san dalili.

Kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Zinatu da Mu'awiya su san waɗannan alamu kamar yadda kika sani. Zinatu ma a tambaye ta yadda take, ita ta haifi Muhsina, ita ta daka dutsen. Kuma ku riƙa ambaton yarinyar a gida, ku yi mata addu'a da sunanta a gabansa. Shekara goma sha huɗu yana ɗauke da ita a aljihu saboda ba inda zai ajiye ta. Ya ji daga bakinki cewa wanda bai san da guba ba bai kashe kowa ba. Wataƙila likita ya faɗa masa, amma ta uwa daban ce.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya jiƙan Muhsina, ya bar ki da Yaya kuna faɗanku na tsofaffi, ya kai mu azumi lafiya. Gobe da safe in ya zo shan kunu ya ce bai ji ba, ki ƙara faɗi, Inna. Yana bin ki kiran shekara talatin da tara.

Malama Shafa'atu