Sunan Baba a Bayan Kwalin Faifai

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Gwaggo da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, amma bakinta garau yake. Baba kuwa an yi masa aikin yanar ido ranar Litinin. Ba a sake shi ya yi karatu ba tukuna, sai mita yake yi wai an raba shi da keken ɗinkinsa.

Baffa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne, ku gafarce ni. Kun tuna bara da kuka zo, kuka roƙi Baba faifansa na garmaho, wanda ya yi da jitarsa tun kafin a haife ni, shi kaɗai ya rage mana. Kuka ce akwai shafin intanet na masu tara tsofaffin faya-fayai, inda ake rubuta tarihin kowane faifai da sunan wanda ya yi shi, kuma za ku sa duniya ta san aikin yayanku. Baba ya tashi ya ɗinka wa faifan jaka da lalube, har allura ta soke shi, ya miƙa muku da hannu biyu.

Makon jiya na nemo shafin a kwamfutar makarantarmu. Da na ga hoton kwalin har ihu na yi, malamai suka taru a kaina. Sai na duba wurin mai waƙa da kiɗa, na ga sunanku. Na ce kuskure ne, wa ma ba ya yi? Amma na karanta ƙa'idarsu: duk abin da mutum ya shigar sai ya sa hoton kwali shaida. Na buɗe hoton bayan kwalin, na tarar an datse shi daidai layin ƙarshe, inda aka buga sunan Baba. A wannan layin na koyi haɗa baƙi, Baffa, ba zan manta da shi ba. Ƙasa kaɗan kuma ga faifan an sa shi a kasuwa, an rubuta wai daga hannun mawaƙin kansa. Inna ta ce iyakar aikinku a ranar da aka ɗauki faifan shi ne riƙon akwatin jita da tafi, kuma ko tafin ma sai da aka maimaita saboda ku.

Wallahi ban taɓa jin ciwo irin wannan ba. Da baƙo ne ya yi, da na kai ƙara wurin masu shafin na huta. Amma ku ne kuka yi mini huɗuba, ku kuka riƙe hannuna ranar da aka sa ni makaranta. Kun ci amanarmu, ba ni da wata kalmar da ta fi wannan sauƙi.

Shekaranjiya Baba ya tambaye ni ko na ga shafin. Na zauna gefen gadonsa da waya, na karanta masa sunansa a inda naku yake. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce dama ya san ƙanensa ba zai ba shi kunya ba.

Saura kwana goma sha biyu likita ya ba shi tabarau, kuma Baba ya ce shafin nan ne abin da zai fara karantawa. Ina roƙonku ku janye faifan daga kasuwa, ku sa cikakken hoto, ku mayar da sunan mai shi. Ƙarya ɗaya na yi masa saboda ku, ba zan ƙara ba.

A gaishe da Gwaggo, da Babban Yaya da iyalinsa, da Auta. Inna ba ta ba da saƙo ba. Baba ya ce in gode muku ƙwarai, in ce Allah Ya saka muku da irin abin da kuka yi masa.

Taku,
'Yar yayanku, malamar makaranta